Chila tana yankewa da HP da rana, da safe kuma A1 da FL: ta ina zan fara?

Ɗan Sharaɗa ya rubuta:

Assalamu alaikum, masanan wannan zaure. Ina neman shawararku a kan wata chila, wato injin sanyaya ruwa, da muke sanyaya mol (ƙarfen da ake zuba narkakkiyar roba a ciki ta ɗauki siffa) da ita a masana'antar roba, nan Sharaɗa a Kano. Mai ƙarfin sanyi tan 30 ce, irin mai fankoki a sama wadda iska ke sanyaya kondensarta, wato ɓangaren da gas ke sakin zafi. Sakit biyu gare ta, wato layin gas biyu daban-daban, kowanne da kwamfuresa (injin matse gas) irin sikirol guda, gas ɗinta R410A. Kwantirolarta ƙaramar Carel ce mai nuna haruffa da lambobi. An saita ruwan fita a digiri 7.

Abu uku take yi mana tun shigowar zafin nan na Afrilu. Daga misalin ƙarfe ɗaya na rana zuwa la'asar sai ta tsaya ta nuna HP1, sai an danna riset take tashi, bayan minti ashirin ko talatin ta sake yankewa. A yini ɗaya mukan danna riset sau shida ko bakwai. Da safe kuwa, lokacin da injin roba biyu kawai ke aiki cikin shida, sai ta nuna A1, wani lokacin FL. Na ukun shi ne idan aka ɗauke wuta muka koma janareta: allo yana kunne, famfo yana juyawa, amma kwamfuresa ba ta tashi sai bayan 'yan mintuna, kuma wani lokacin wani ƙaramin rile da ke cikin akwatin wuta yana nuna jar fitila, a nan kam ko famfon ba ya motsi.

An kira mai gyara, ya ce gas ne ya yi ƙasa, ya ƙara sau biyu a sakit na ɗaya. Tun daga nan HP1 ya ƙara yawa. Wani kuma ya ce makunnin gudun ruwa ne ya lalace, a haɗe wayoyinsa biyu kawai a huta da FL. Ban yarda an yi ba tukuna. Don Allah ta ina zan fara?

Mai Geji ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam. Ka kyauta da ba ka bari an haɗe wayar nan ba. Sannan tun yau a daina danna riset sau bakwai a yini. Duk yankewar HP, kwamfuresa ta kai matsin da aka hana ta wucewa ke nan, man cikinta ya sha zafi, wayar motar lantarkinta ma haka. Riset ɗaya ya isa, shi ma don ka tsaya a gabanta da geji ka ga abin da ke faruwa kafin ta sake yankewa.

Ka fara da rarrabe abin da allon ke faɗa maka, domin ba duk rubutun da ya fito ne ƙararrawa ba. Akwai saƙon hali, wanda ke cewa inji yana jira, ko an kashe shi daga nesa, ko ruwa ya kai sanyin da ake so. Wannan ba laifi ba ne. Akwai gargaɗin da ke gogewa da kansa idan dalilinsa ya gushe. Akwai kuma wanda ke kulle inji sai mutum ya zo, kamar HP da A1 a yawancin saiti. Ka samu littafi ka ajiye kusa da chilar, duk wanda ya ga lamba ya rubuta ta da lokacinta, da zafin ruwan shiga da na fita, da injin roba nawa ke aiki, da ko wutar gari ce ko janareta. Manyan kwantiroloji suna ajiye wannan tarihin da kansu, ƙananan irin taka ba lallai ba. Kuma haruffan nan ba ɗaya suke a kowane kamfani ba, saboda haka a tabbatar da ma'anarsu a littafin wannan chilar. A irin taka, HP1 matsi mai yawa ne a sakit na ɗaya, LP1 matsi ya faɗi, FL gudun ruwa, A1 kariyar daskarewa, E da lamba kuma sensa ce ta samu matsala.

Yanzu HP. R410A yana komawa ruwa a kondensa ne a zafin da ya ɗara na iskar da ke shiga da kamar digiri 10 zuwa 15. Idan iska tana digiri 41, to gas yana wajen digiri 55, gejinka na matsi zai nuna kusan bar 33. Makunnin HP na irin waɗannan injuna yakan yanke a kusan bar 42, wanda ya yi daidai da digiri 65. Ka ga ke nan a watan Afrilu a Kano tazarar digiri 10 kacal ta rage maka ko da komai lafiya lau yake. Ƙurar hunturu da ta toshe kondensa za ta ci biyar. Iska mai zafi da ke komowa za ta ci huɗu. Gas ɗin da aka ƙara ba bisa awo ba ya cinye sauran.

Ka auna zafin iskar a bakin kondensar, tazarar tafin hannu daga ƙarfen, a kowane ɓangare, da ƙarfe biyu na rana. Kada ka dogara da abin da waya ta ce zafin gari yake. Idan an yi wa chilar rumfar kwano a kai don kare ta daga rana, ko an matsa ta jikin bango, iskar da fankoki suka tura sama tana bugun kwanon ta dawo ta sake shiga, sai ka tarar da digiri 46 ko 48 a inda kake zaton 41. Wannan rumfar ta fi ranar illa nesa ba kusa ba.

Sai fankoki. A duba duk suna juyawa a lokacin da HP ke zuwa, ba da safe ba, domin motar fanka mai gajiyayyen boris takan yanke da kanta idan ta yi zafi, ta dawo idan ta huce. A duba kuma suna tura iska sama ne. Fanka mai fes uku, wato layin wuta uku, da aka juya mata waya tana juyawa baibai, ido zai ga tana aiki, amma iskar da take ja ba ta taka kara ta karya ba.

Wankin kondensa: a kashe wuta gaba ɗaya, a rufe akwatin wuta da leda, a fara da burushi mai laushi, sannan ruwa daga ciki zuwa waje, wato akasin hanyar da iska ke bi. Kada a kawo injin wankin mota mai ƙarfi, yana kwantar da siraran ƙarafan nan ya toshe su fiye da ƙura. A masana'antar roba ƙurar takan haɗu da maiƙo, ruwa zalla ba ya fitar da ita, sai an sa sabulun wankin kondensa a bar shi minti biyar zuwa goma a ɗauraye sosai. Idan ka haska tocila daga ciki ba ka ga haske a waje ba, ba ta wanku ba.

Maganar gas kuwa, ƙarancin gas LP yake kawowa, ba HP ba. Wanda ya ga HP ya ƙara gas ya zuba fetur a wuta. Abin da zai raba gardama shi ne sabkulin: ka karanta matsin ɓangaren sama, wato ɓangaren kondensa, ka duba jadawalin R410A ka ga digirin da ya yi daidai da shi, ka cire zafin bututun ruwan gas da ke fitowa daga kondensa. Digiri 5 zuwa 8 shi ne aka saba gani. Idan ya haura 12, gas ya yi yawa, ko iska ta shiga, ko wani abu ya toshe a gaba. Ka auna sufahit ma a bututun tsotso mai mayar da gas kwamfuresa, wato zafin bututun a cire digirin da ya yi daidai da matsin ƙasa, shi ma 5 zuwa 8. Ka kawo mana lambobin sakit biyun, domin na biyun da ba a taɓa ba shi ne ma'auninka.

Na Dakata ya rubuta:

Abin da Mai Geji ya faɗa a kan HP haka yake. Ni ɓangaren ruwa zan taɓa, don a ganina nan ne hatsarin da ya fi girma yake, ko da yake ba shi ne ya fi damun ku ba. HP yana tsayar da aiki. A1 da FL kuwa, idan aka yi musu dabara, suna iya kashe chilar baki ɗaya.

Malam, lissafin mai sauƙi ne. Tan 30 kusan kilowat 105 ne. An ƙera irin wannan inji ne don ruwa ya shiga a digiri 12 ya fita a 7, bambancin digiri 5. Hakan yana buƙatar kusan lita 5 a daƙiƙa, wato lita dubu 18 a awa. Da kwamfuresa ɗaya tana aiki, ruwan zai sauka da digiri biyu da rabi ne kawai. To da safe injin roba biyu ne ke aiki, an rufe bawul ɗin sauran huɗun. Idan famfo ɗaya ne ke tura ruwa ta cikin chila ya wuce kai tsaye zuwa mol, rufe waɗannan bawul ɗin ya rage ruwan da ke ratsa chilar ke nan. A ce ya koma rabi, lita dubu 9 a awa. Kwamfuresa ɗayan nan za ta sauke shi da digiri 5 cif. Ruwa ya shiga a 9, ya fita a 4. Kariyar daskarewa kuma yawanci a digiri 3 ko 4 ake saita ta idan ruwa zalla ne. Ga A1 ɗinka. Idan ruwan ya ƙara raguwa kaɗan, harshen makunnin gudun ruwa ya saki, ga FL. Ciwo ɗaya ne ke fitowa da suna biyu.

Dalilin da ya sa ba a wasa da shi: allon yana nuna maka zafin ruwan da ya riga ya gauraye a bakin fita. A cikin ibabureta mai faranti, wato inda gas ke sanyaya ruwan, hanyoyin ruwa siraran gaske ne, 'yan milimita, gas kuma a ɗaya gefen farantin yana digiri 2 ko ƙasa da haka. Hanyar da datti ya rage wa gudu za ta daskare tun allo yana nuna 4. Ƙanƙara tana kumbura, faranti ya tsage, ruwa ya shiga layin gas ya tafi kwamfuresa. Daga nan sai sabuwar ibabureta, sabuwar kwamfuresa, da wankin layi gaba ɗaya, kuma man POE da ke cikin injin R410A yana shan danshi ya koma asid. Wanda ya ce a haɗe wayar makunnin, wannan yake gayyato muku.

Ka fara da matatar nan mai siffar Y da ke gaban ibabureta. A rufe bawul, a kwance, a ciro ragar. A wurin roba akan tarar da tsatsa, ƙwayoyin roba, da guntayen tef ɗin zare. Idan babu matatar ma sam, a sa, mai ramukan da ba su wuce milimita 1 ba. Sai iska a layi: idan gejin famfo yana rawa, ko kana jin ƙara kamar tsakuwa a cikinsa, ko ruwan tanki ya yi ƙasa har yana yin guguwa a bakin tsotso, FL zai riƙa zuwa yana tafiya. Sai shi makunnin kansa. A ciro shi a ga ko harshen ya karye ko ya lanƙwashe, a ga kibiyar da ke jikinsa tana kallon inda ruwa ke tafiya, kuma yana kan miƙaƙƙen bututu, ba dab da gwiwa ba. Ana gwada shi da mita: famfo a kashe ya buɗe, famfo a kunne ya rufe. Idan famfo yana kashe shi kuma yana rufe, ya maƙale, wannan ya fi wanda ke yawan yankewa haɗari.

Gyaran dindindin shi ne chila ta daina dogaro da yawan mol ɗin da ke buɗe. Ko dai a sa baifas, wato bututun ratse, mai bawul tsakanin layin tafiya da na dawowa, ko kuma, wanda ya fi, a sa tanki da famfo biyu: ɗaya yana zagaya ruwa tsakanin tanki da chila ba ya canzawa, ɗaya yana kai wa injuna. Yawan ruwan ma yana da muhimmanci. A aikin masana'antu ana so a samu kamar lita 6 zuwa 7 ga kowane kilowat, wato wajen lita 700 a naka. Idan bai kai ba, kwamfuresa za ta riƙa tashi tana tsayawa kamar mai shaƙuwa.

A gwada sensar ruwan fita ma kafin a zarge ta ko a wanke ta. A cika kofi da dakakkiyar ƙanƙara da ɗan ruwa, a tsoma ta minti biyar, allo ya nuna sifili ko kusa da shi, kuskuren da bai wuce rabin digiri ba. Da mita kuma, sensar NTC ta irin wannan kwantirola tana ba da kilo'om 10 a digiri 25, kusan 27 a cikin ƙanƙara. Idan PT1000 ce, om 1000 a ƙanƙara, kusan 1097 a digiri 25.

Tambayata ita ce, wa ya ce mol ɗinku yana buƙatar digiri 7? Yawancin aikin roba yana tafiya da 10 zuwa 15. Idan damina ta sauka, ruwan digiri 7 zai sa mol ya riƙa zufa yana ɓata kaya. Ka ɗaga saitin zuwa 11 ko 12, ka yi nesa da A1, injin ma ya samu ƙarin ƙarfi. Kada dai a sauke saitin A1 ɗin, sai idan an zuba gilaikol, wato sinadarin hana ruwa daskarewa, an auna shi.

Injiniyar Wuta ta rubuta:

Sannunku da ƙoƙari. Malam Ɗan Sharaɗa, abu na uku da ka ambata kashi biyu ne, ɗaya lafiya ce, ɗaya matsala.

Jiran da kwamfuresa ke yi bayan wuta ta dawo, alhali famfo yana juyawa kuma babu lambar ƙararrawa, aikin kwantirola ne. Tana ƙirga mafi ƙarancin lokacin hutu, yawanci minti 3 zuwa 5, tana kuma hana tashi fiye da sau 10 zuwa 12 a awa. A irin wannan allo za ka ga alamar kwamfuresa tana ƙiftawa, ma'ana an buƙace ta amma lokacinta bai cika ba. Ana barin famfo ya fara gudu tukuna don a tabbatar akwai ruwa. Kada kowa ya rage waɗannan lokutan, kada kuma a danna kwantakta, wato makunnin da ke ba kwamfuresa wuta, da sukudireba don a gaggauta. Motar da ta tashi tana jan wuta ninki biyar zuwa bakwai na abin da take ja a aiki, tana buƙatar lokaci ta huce, man da ya bi gas ya fita kuma yana buƙatar lokaci ya dawo. Haka idan allo ya nuna an kashe inji daga nesa ko bisa jadawalin lokaci, a duba makunnin waje da agogon kwantirola, domin batirin agogon yakan mutu lokaci ya rikice.

Jar fitilar nan kuwa ta rilen tsaron fes ce. Yana duba abu huɗu: jerin fes, ɓacewar fes ɗaya, hawa ko saukar wuta, da rashin daidaito tsakanin layukan. Tunda wani lokaci ne kawai yake yankewa a janareta, ba jerin fes ba ne, da shi ne da kullum zai ƙi. Amma a sani, idan an taɓa wayar janareta ko ta canjin wuta, a fara duba jerin. Kwamfuresa sikirol da ta juya baibai tana ƙara mai muni, matsin sama da na ƙasa ba sa rabuwa, amfiya ta yi ƙasa, cikin ɗan lokaci ta lalace.

Ka auna wuta tsakanin layuka uku a bakin babban makunnin chilar, tana kan aiki, a wutar gari da kuma a janareta. Injin 400V yana jure kashi 10 sama ko ƙasa, wato 360 zuwa 440. Rashin daidaito kuwa kada ya wuce kashi 2 cikin ɗari. Ka haɗa awo ukun ka raba uku, ka nemi wanda ya fi nisa da matsakaicin, ka raba wannan tazarar da matsakaicin, ka ninka da ɗari. Ka duba mitar janaretan ma tana kan 50Hz lokacin da injunan roba suka hau kansa. Idan duk kayan masana'anta suna tashi lokaci guda bayan canjin wuta, janareta yana durƙusawa na 'yan daƙiƙu, rile ya gani ya yanke. A jera tashinsu, chila ta zo ƙarshe.

Da wuta a kashe kuma an tabbatar da mita, a bi duk sukurorin kwantakta da na fiyus a ɗaure. Waya mai launin ƙonewa ko roba da ta narke alamar sako-sako ce. A duba bakin kwantaktocin, wanda ya ci wuta a canza shi ɗungurungum, goge shi da fayil ba ya daɗewa. A auna wutar kwantirola, 24V ce a yawancinsu, idan tana faɗuwa lokacin da kwantakta ta kama, kwantirola za ta riƙa mutuwa tana farfaɗowa tana jefo lambobin da ba su da tushe.

Abu biyu da ake mantawa. Hitar da ke ɗaure a gindin kwamfuresa dole ta kasance da wuta duk lokacin da inji ke tsaye. Idan kuna kashe babban makunni ranar hutu, gas yana narkewa cikin mai, da an tayar sai man ya yi kumfa ya fice. A mayar da wuta aƙalla awa 12 kafin tayarwa, a taɓa gindin a ji ɗumi. Na biyu, a gwada abin da allo ke nunawa na matsi da abin da geji ya nuna, idan injin yana da sensar matsi. Mai ba da 0.5V zuwa 4.5V a kan bar 0 zuwa 45, idan ka auna 2.5V to bar 22.5 take faɗa. Bambancin da ya wuce bar ɗaya tsakaninta da geji mai kyau, ita ce ko wayarta, kuma da ita ake sarrafa fankoki, saboda haka ƙaryarta tana iya jawo HP na gaske.

Ɗan Sharaɗa ya rubuta:

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara ilimi. Ga abin da muka auna jiya da ƙarfe biyu, injin roba biyar suna aiki. Zafin inuwa 41. Iskar da ke shiga kondensa ta ɓangaren bango, inda sakit na ɗaya yake, 45. Ta ɗaya ɓangaren 42. Tsakanin chila da bango bai kai taku biyu ba, kuma akwai rumfar kwano a kanta.

Sakit na ɗaya: sama bar 39, bututun ruwan gas digiri 47, ƙasa bar 7.5, bututun tsotso digiri 8. Sakit na biyu: sama bar 34, bututun ruwan gas digiri 49. Ruwa yana shiga a 13 yana fita a 5.5. Famfo ɗaya ne, babu baifas, tankin lita 500 ne. Mun kwance matatar bayan awon, rabinta a toshe da tsatsa da ƙwayar roba. Makunnin gudun ruwa lafiyarsa ƙalau a mita. Wutar janareta 404, 399, 385. Fankoki huɗu duk suna juyawa daidai. Ba mu wanke kondensa ba tukuna. Shin mu fara rage gas ɗin?

Mai Geji ya rubuta:

A'a Malam, wanki tukuna, sannan rumfa, sannan gas. Bar 39 kusan digiri 62 ne, ka cire 47, sabkulin 15. Na biyun bar 34 kusan digiri 56 ne, ka cire 49, ya ba ka 7. Gas ya yi yawa a na ɗaya, babu shakka, kuma bar uku kacal ya rage ya yanke. Bar 7.5 na ƙasa kusan digiri 2 ne, ka cire shi daga 8, sufahit ɗinka 6 ne, bawul ɗin faɗaɗa gas yana aikinsa, kada a taɓa shi. Amma idan ka rage gas a kan kondensa mai datti, bayan wanki lambobin za su canza ka rasa inda kake. A wanke, a cire kwanon da ke saman fankoki ko a ɗaga shi sosai, a duba tazarar bango da littafin injin ya nema, sannan a sake awo a irin wannan lokacin.

Kafin a rage, a gwada ko iska ta shiga lokacin ƙarin, don wanda bai fitar da iskar tiyonsa ba ya tura ta ciki. Da daddare a kashe kwamfuresa, a bar fankoki su yi ta juyawa har kondensa ta yi daidai da iskar waje. A digiri 30 geji ya nuna kusan bar 18, a 35 kusan 20 da rabi. Idan ya ɗara haka da bar ɗaya ko fiye, akwai iska. A gwada tukunyar da aka ƙara gas daga cikinta ma da wannan lissafin: R22 a digiri 30 bar 11 yake nunawa, nan take za ka gane idan ba R410A ba ne. In an samu ɗayan biyun nan, ragewa ba ta wadatar. A kwashe duka da injin kwashe gas, a canza diraya, wato matatar da ke shan danshin gas, a yi bakyum, wato a zuƙe iskar layi, zuwa maikiron 500, a zuba sabo a matsayin ruwa, a kan sikeli, daidai kilon da ke rubuce a farantin injin na wannan sakit. In babu, a rage kaɗan-kaɗan cikin tukunya, giram 200 zuwa 300, a jira minti 15 tsakani, har sabkulin ya yi daidai da na sakit na biyu.

Shawarar Na Dakata ta ɗaga saiti daidai ce, sai dai a yi ta bayan wankin. Ruwa mai ɗumi yana ƙara wa kondensa kaya, a halin da take yanzu zai gaggauta HP.

Na Dakata ya rubuta:

Na yarda da wannan jerin. Bambancin digiri 7.5 a ruwanka yana nuna lita dubu 10 zuwa 12 ne ke wucewa a awa maimakon 18, kuma da mol biyar a buɗe ke nan, ka ƙiyasta na safe da biyu. Ka sake awon yanzu da matata ta fita. Tsakanin ruwan fita 5.5 da gas mai digiri 2 akwai uku da rabi, datti bai kama cikin ibaburetar ba tukuna, ba ta buƙatar wankin asid. Kafin a kawo famfo na biyu, a bar bawul ɗin mol biyu ko uku a buɗe da safe ko da injunansu ba sa aiki. A sake buɗe matatar bayan kwana uku, tsatsar da ke layi ba ta gama zuwa ba.

Injiniyar Wuta ta rubuta:

Matsakaicin wutarka 396 ne, 385 ya yi nisa da 11, kashi 2.8 ke nan. Ya wuce iyaka, kuma yana ƙara wa wayar mota zafi da kusan kashi 16 cikin ɗari. Rilen yana da gaskiya, kada a buɗe masa saiti. Ka sa mitar amfiya a layuka uku na janaretan. Galibi za ka tarar an jibga fitilu, na'urorin sanyaya ofis da hitocin injin roba masu fes ɗaya a kan layin da ya faɗi. A rarraba su a kan ukun. Idan amfiya ta daidaita amma 385 ɗin bai tashi ba, a auna a bakin janareta da kuma bayan makunnin canjin wuta: in a janareta daidai yake, bakin makunnin ne ya ci wuta a wannan layin.